Harba-ruga a Birmingham

Ruwa ya kwana yana zuba a kan Birmingham.
Na hau bene na uku a tsohuwar unguwar maƙeran bindiga,
inda Alwyn Crabb, mai shekara saba'in da tara,
ke riƙe da shayi a hagu, magagari a dama.
Asabar kaɗai nake zuwa, sauran kwanaki bas nake tuƙawa,
amma jinin maƙera ba ya kwanciya
ko an kai shi ƙasar da rana ke rowa.

Yau ya warware wani tsohon bargo a kan teburi.
Bindiga ce mai baki ɗaya, doguwa, siririya,
tsatsa ta yi mata lalle har wuya.
A rufin gidan wani mamaci aka tsinto ta,
jikoki na so a goge ta, a kai ta gwanjo.

Ya ce, karanta mini ita, idona ya gaji.

Na kai ta gaban fitila.
Ƙarƙashin bututun ga hatimi kamar ƙwayar gero:
can Beljiyam aka murɗa ƙarfen nan,
wani ya ƙona gashin hannunsa a kansa.
Kunamar kuwa 'yar unguwar nan ce.
Alwyn ya shafa ta da babban yatsa, ya ce ya san gidan,
an rushe shi, yanzu motoci ke kwana a wurin.
Katakon gindin, in ji shi, daga duwatsun Turkiyya,
ya sha gishirin teku kafin ya sha mai.
Mutum uku, harshe uku, ba wanda ya san ƙofar wani,
ga shi aikinsu ya shige cikin juna ba gardama.

Sai yatsana ya tsaya a wuyan katakon,
inda ya taɓa tsagewa.
An naɗe shi da wayar tagulla, zagaye ashirin da bakwai,
an cusa bakin wayar ƙasa, an danne da masaba,
an rufa da jar fata, ɗinkin ya juya ciki.
Na san ɗaurin nan.
Haka kakana Jatau ke yi wa maharba,
ina ja masa zugazugi, hayaƙi na sa ni hawaye.
Ban ce shi ne ba. Maƙera da yawa, ƙasa da faɗi.
Yadda ta je, yadda ta dawo,
bindiga ba ta da baki sai na wuta.

Alwyn ya ɗauko awartaki.
Ya ce, wannan ba na asali ba ne, zai karya farashi.
Na riƙe masa hannu.

Na ce, a wurinmu harba-ruga ake ce mata.
Sau ɗaya take magana.
In ka kuskure, saura kai da ƙafarka,
domin ɓauna ba ta jira a ɗura albarushi.
Wanda ya naɗa wayar nan ba ado ya yi ba,
ran wani ya ɗaure,
mai yara a gida da bashin dawa.

Ya yi shiru har buta ta tafasa ta gaji.
Ya ajiye awartakin.
Ya jawo littafinsa mai baƙin bango,
wanda uban gidansa ya fara tun shi yana sharar bene.
Ya rubuta mai bututu, mai kunama, mai katako,
ya bar layi na huɗu, ya ɗago:
yaya kuke kiran mai wannan aiki?

Na ce, maƙeri.
Ya rubuta, ya ƙoƙarta, harafi na uku ya tsaya miƙe.
Na ce, da saura, akwai ƙugiya a kansa.
Hannunsa na rawa ya lanƙwasa ta,
ta fito kamar kunama an ɗana.

Jikokin za su yi ƙorafi ranar Litinin.
Ni ina da bas na ƙarfe biyu,
da warin tsohon mai a yatsuna har Handsworth.